Maganin Yoyo a Cikin Yo-yo

Ranar da na shiga rumfar wani mai haɗa tagogin alminiyam na roƙe shi ya ɗan sam mini gam ɗin silikon, abin da ya fara tambayata shi ne, "Malam, ina ne yake yoyon, taga ko rufi?" Na ce masa ai yo-yon ne da kansa ba shi da lafiya. Ya yi mini kallon wanda rana ta buga, har sai da na zaro abin daga aljihu, na murɗe shi ya rabu gida biyu, na ɗora a kan bencinsa. Nan ya fashe da dariya, ya kira yaransa su zo su ga dattijo da kayan wasan yara. Hausa ce ta haɗa mu wannan ruɗani. Kalmar da muke faɗa wa kwanon rufin da ke tsiyaya da damina, ita ce kuma sunan abin wasan nan mai faifai biyu da zare, wanda ake cillawa ƙasa ya hawo da kansa ya dawo hannu. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi, gam ɗin da aka ƙera don toshe na farkon shi ne, a ganina, ya fi dacewa a gyara na biyun da shi. Wannan ganin nake so in kare yau, domin akwai masu ja da ni, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na san wani zai ce duk matsalolin da ke gabanmu an rasa abin cika shafi sai yo-yo.  To, duk wanda ya taɓa durƙusawa a rairayi yana murza katantanwa har gwiwarsa ta yi fari fat, ba shi da bakin yi wa mai yo-yo gori. Abu mai juyi ne ya sace hankalinmu duka, sai dai yo-yo ya samu injiniyoyi da masu jari sun tsaya masa. Tun 1932 aka yi gasar duniya ta yo-yo a Landan, kuma a zamaninmu ana yin ta kusan kowace shekara: Tokiyo a 2015, Shangai a 2018, Osaka a 2023. Yo-yon da ake hawa dandamali da shi na alminiyam ne da aka sassaƙa a inji, nauyinsa kamar giram 65, yana juyi dubbai a minti ɗaya. Duk wannan ƙira tana rataye ne a kan wasu siraran zobba biyu na roba da ba su kai kaurin farce biyu ba. Su ne abin rigimarmu.

Sai an san abin da ke maido da yo-yo hannu kafin a gane rigimar. Tsohon yayi shi ne a ɗaure zare tamau a jikin sandar tsakiya, yana kaiwa ƙarshen zaren ya nannaɗo ya hawo, ba shi da zaɓi. Pedro Flores, mutumin ƙasar Filifin da ya buɗe masana'antar yo-yo a Santa Barbara ta jihar Kalifoniya a 1928, shi ya yaɗa wanda ake zarga wa zaren a sandar ba tare da ƙulli ba. Da haka yo-yon ya samu damar tsayawa a ƙarshen zare yana ta juyi shi kaɗai, abin da masu wasan suke kira barci. In ana so ya farka sai a ɗan fizgi zaren, zaren ya saki, ya cukuikuye a tsagar da ke tsakanin faifan biyu, katakon ya cafke shi, ya hawo. Gogayyar zare da katako ke yin aikin gaba ɗaya. Ita ke maido shi, ita kuma ke cinye ƙarfin juyinsa, shi ya sa barcin ba ya nisa.

Sai boris ya shigo. Tom Kuhn, wani likitan haƙori a San Faransisko, ya fitar da SB-2 a 1990, yo-yon alminiyam mai ɗan boris a tsakiya, irin dai wanda kanikawa suka sani amma ƙanƙani. Barci ya tashi daga daƙiƙu ya koma mintuna. Sai dai gogayyar da aka kora daga tsakiya ita ce mai maido da shi gida, don haka dole a nema mata wani mazauni. Aka mayar da ita bangon faifan daga ciki, ta kewaye boris ɗin. Wannan wurin zan kira birki, ko da yake kama zare ne aikinsa.

An yi ta gwaje-gwaje a kansa. An yi ƙananan tuddai masu siffar tauraro a jikin robar yo-yon, suna kamawa, amma ga ƙara ga cin zare. An yi sitika mai kaushi irin ta kamfanin Duncan, wadda ba ta daɗewa take siɗewa. An yi zoben roba irin wanda masu aikin famfo ke sawa a mahaɗar bututu, wanda YoYoJam ya yi suna da shi. Daga ƙarshe kasuwa ta tsaya a kan siririn zoben silikon mai gam a bayansa, a ɓare takardarsa a liƙa shi cikin wani kwarmi da aka sassaƙa masa. Faci zan kira shi, don da facin taya ya yi kama.

A farkon shekarun 2000 salon wasan ya sauya. Aka faɗaɗa tsagar har ta kai milimita 4 zuwa 5, domin zare ya shiga ninki-ninki ba tare da yo-yon ya farka ba. Irin wannan ko ka fizge shi sau goma ba zai hawo ba. Sai ka cusa masa madaukin zare a tsagar da gangan, ninkin ya yi kauri ya taɓa birkin gefe da gefe, sannan ya cafke ya taho. A nan ne ƙaramin abu ya zama babba. In birkin ya ɗan fito sama da bangon, zare zai riƙa gogarsa a banza, barci ya gajarta, wata rana kuma ya cafke ba shiri ya dawo ya daki bayan yatsunka, kuma dukan ƙarfe mai gudun nan yana tashin ƙulu. In ya siɗe ko ya nutse da yawa, za ka cusa zare ya zame, in ma ya hawo naɗin ya yi sako-sako, jifa na gaba ya fita ba ƙarfi. Mutane suna mantawa cewa birkin nan yana aiki har a lokacin jifa, shi ke riƙe zaren yana warwarewa har ƙarfin hannunka ya koma juyi. Tazarar da ke tsakanin daidai da ɓaci ba ta kai rabin milimita ba.

Faci kuwa abu ne mai ƙarewa, kamar ƙasan takalmi. Mai wasa kullum zai iya cinye shi cikin 'yan makonni ko watanni. Ga wanda ke zaune a Tokiyo ko wani birnin Amurka wannan ba magana ba ce, zai aika a kawo masa kafin mako ya zagayo. Ni da nake Kano lissafina dabam ne. Na taɓa yin odar faci daga wani kanti a ƙetare. Kuɗin aikowa ya ninka kuɗin kayan ba sau ɗaya ba, na jira makonni, ranar da ambulan ɗin ta iso na buɗe da rawar jiki na tarar zobban sun fi kwarmin yo-yona faɗi da ɗan kaɗan. Ɗan kaɗan ɗin nan ya isa. Na sa reza na rage gefe, ya zauna a karkace, kwana uku ya ɓalle ya naɗe a zare. Ban ga laifin mai kantin ba sosai, ni ne ban san cewa faci ba girmansa ɗaya ba.

Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma mafi girma. Akwai girman da ya fi yawa, mai faɗin milimita 19, wanda YoYoFactory da kamfanoni da dama suke bi. Amma One Drop na garin Yujin a jihar Oregon yana da nasa mai suna Flow Groove, CLYW da aka kafa a Kanada yana da nasa mai suna Snow Tires, masu ƙananan boris suna da nasu, kuma ko faɗin ya zo ɗaya kaurin yana iya bambanta. Tsofaffin yo-yo kuma, waɗanda kamfaninsu ya daina ƙera su ko ya rufe gaba ɗaya, marayu ne. Ƙarfe lafiyayye da zai iya kai wa jikokinka sai ya koma abin danne takarda a kan tebur saboda babu zoben da ya yi masa daidai. Ban yarda da cinikin da za a sayar mini da abu sannan a riƙe numfashinsa a kantin da ke wata nahiya ba. Silikon na zubawa bai san girma ba. Ruwa-ruwa yake shiga, kwarmin da ya tarar shi ne ma'auninsa, mai faɗi ko siriri, na bana ko na shekara ashirin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada a ɗauka dabarar talaka ce da rashi ya haifa. Masu wasan ne da kansu suka fara ta a can inda kantunan suke, tun kafin faci ya zama sarki. Sukan cire zoben roba daga yo-yon YoYoJam su cika gurbin da silikon. Masu injin sassaƙa a gida sukan ɗauki Freehand na Duncan, wanda da sitika yake zuwa, su haƙa masa kwarmi domin kawai a samu wurin zubawa. Abin da aka fi amfani da shi ma ba don yo-yo aka yi shi ba: gam ɗin Permatex ne mai malala, na toshe yoyon gilashin gaban mota, a ɗan bututu mai giram 42. Har sunan Flow Groove yana nuni da malalar nan, don an sassaƙa kwarmin ne yadda zai karɓi faci ko silikon. Daga baya aka samu masu sayar da silikon kala-kala musamman don yo-yo, irin su Monkey Snot, sunan da ma'anarsa majinar biri, wanda ya isa ya nuna maka irin mutanen da ke wannan harka. Kamfanoni sun karkata ga faci ne don ya fi musu sauƙi. Liƙa zobe dubu aikin yini ɗaya ne, zuba silikon a faifai dubu kuwa sai an nemi hannu mai natsuwa da wurin shanya da haƙuri. Sauƙin masana'anta ne aka sayar mana da sunan ci gaba, kuma ban ce sun yi zunubi ba, amma a kira abu da sunansa.

Hujjata ta biyu ita ce zafi. Faci hawa biyu ne, roba a sama, gam a ƙasa, kuma gam ɗin ne raunanniyar gaɓa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka bar yo-yo a mota ko a aljihun da rana ke duka, gam ɗin zai yi laushi, gefen facin ya ɗaga, zare ya samu bakin kamawa ya ƙarasa shi. Waɗanda na ajiye a takardarsu ma, na shekara guda, na tarar damƙarsu ta ragu. Silikon da aka zuba ba shi da hawa na biyu, shi ne robar shi ne gam ɗin. Ƙashin bayansa sarƙa ce ta sinadarin silikon da iskar oksijin suna bin juna, asalinsa daga yashi, abin da Frederic Kipping ya yi shekaru yana bincike a kai a Nottingham ta Ingila kafin kamfanin Dow Corning, da aka kafa a 1943, ya mayar da shi haja. Abin da ake liƙe murfin injin mota da ɗan'uwansa, zafin aljihu ba zai dame shi ba.

Ta uku ita ce wadda ta fi daɗa ni, kuma ita ce masu faci ba za su iya ba ni ba. Faci da kaurinsa yake zuwa, abin da mai ƙira ya zaɓa shi za ka karɓa. Silikon kuwa kai ke yanke masa hukunci yana ɗanye. In ka shafe shi da gefen tsohon katin cirar kuɗi, zai zauna daidai da bango, kamunsa ya yi ƙarfi, ya dace da mai koyo wanda har yanzu cusa zarensa bai nuna ba. In ka bi shi da bayan ƙaramin cokali, zai ɗan lotsa ciki kamar kwarin kunya, zare ya riƙa wucewa ba ya taɓa shi sai an ninka, barci ya yi tsawo. Kana iya lotsa gefe ɗaya ka bar ɗayan a cike. Zarenka mai kauri ne, sai ka ƙara zurfin. Siriri ne, sai ka rage. Na fi shekara ina wasa da yo-yo kafin in gane abin da birkin ke yi, kuma ban gane ba sai ranar da na zuba shi da hannuna ya yi yawa, ya dawo ya fasa mini ɗan yatsa. Tun daga ranar, in yo-yo ya yi mini gardama na san inda zan duba.

Yanzu bari in ba abokan jayayya haƙƙinsu. Babbar hujjarsu lokaci. Faci minti biyu ne, ka ɓare, ka manna, ka danna, ka ci gaba da wasa. Silikon sai ya kwana, awa 24 ake cewa. Ga mai gasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasan ƙarshe a gasar duniya minti uku ne kacal, kuma alƙalai suna rage maki in yo-yo ya tsaya, su rage fiye da haka in aka sauya shi da wani. Wanda zai hau da yo-yo biyar iri ɗaya yana so na biyar ya kama zare kamar na farko, ba ƙari ba ragi. Inji yana iya ba shi wannan daidaito, cokalina ba zai iya ba. Na sallama. Duk wanda zai hau dandamali gobe ya cika aljihunsa da faci, ba zan ce masa uffan ba. Tambayata ita ce mu nawa ne za mu hau dandamali gobe? Mafi yawanmu a tsakar gida muke wasa bayan la'asar, kuma wanda bai iya haƙurin kwana ɗaya ba, ban san yadda zai koyi wasan da dabara ɗaya ke cin mako uku ba.

Suna kuma cewa aikin ƙazanta ne kuma ana ɓata shi. Gaskiya ne, na farko da na biyu sai ka ɓata. Amma ɓarnar ba ta kashe yo-yo. In ya bushe ka ga bai yi ba, ka sa tsinken sakace ka ɗago gefe, ya fito zobe guda, ka sake. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta bututun. Da zarar ka buɗe shi ya fara mutuwa, domin danshin iska ne ke daskarar da silikon, kuma ba ya tambaya ko a kwarmi yake ko a bakin bututu. Mai yo-yo ɗaya zai yi amfani da ɗigo kaɗan, ya dawo bayan wata shida ya tarar da sauran ya zama roba. In haka ne ina arhar? Amsata ita ce rumfar da na fara ba ku labari. Mai tagogi yana buɗe sabon bututu kusan kullum, abin da nake buƙata bai kai wanda yake gogewa a tsumma ba. Na je masa da sirinji marar allura, ya matsa mini kaɗan a ciki, na toshe bakin da leda na yi gida da sauri. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ce, "Haba Malam, wannan ai ko ɗan tsaki bai kai ba. In ya yi, ka zo ka nuna wa yaran nan." Wannan bashin na biya, kuma yanzu ɗaya daga cikin yaran ya fi ni iya jifa.

Akwai inda silikon ba ya yi, kuma rashin gaskiya ne in ɓoye. Yo-yon da kwarminsa bai da zurfi, wanda don siririyar sitika aka yi shi, ba zai riƙe ba, zai ɓare kamar fatar albasa. Wasu nau'o'in roba masu santsi, musamman wanda ake kira Delrin, silikon ba ya son jikinsu. Waɗannan a bar su da facinsu. A kuma kula da abin da ake saya, don ba duk abin da ke cikin dogon bututu ne silikon ba. Akwai na cike tsagar bango da ake shafa wa fenti, wanda yake bushewa ya yi tauri ya farfashe. Wannan ba ya aiki. Wanda ake nema yana zama roba mai dawowa in ka danna shi da farce. Na masu gilashi, mai haske, yana yi. Jan nan na kanikawa da suke yin gasket da shi ma yana yi, kuma a hannuna ya fi daɗewa, sai dai su biyun masu kauri ne, ba sa malala su kwanta da kansu kamar na gilashin mota, sai ka danna su cikin kwarmin da kyau.

Ga yadda nake yi, ga mai so. Nakan raba yo-yon, in cire boris in ajiye shi nesa, a wani ɗakin ma in da hali. Dalili shi ne yawancin silikon na gilashi yana fitar da tsami yayin bushewa, shi ne warin ruwan khal ɗin nan da ke dukan hanci, kuma tsamin yana cin tagulla da wasu ƙarafa. Ko ba don shi ba, ɗigo ɗaya ya shiga boris ya gama da shi. Sai in ɓare tsohon facin, in kankare ragowar gam da tsinke, ba da allura ko wuƙa ba, don kada in karce rinin da ke jikin alminiyam ɗin. In goge kwarmin da sifirit har ya yi ƙal. A nan mafi yawan masu cewa silikon ba ya zama suke faɗuwa: sun zuba shi a kan maiƙo da tsohon gam, sannan su ɗora wa silikon ɗin laifi. Sai in kafa bakin sirinjin a ƙasan kwarmin in zagaya sau ɗaya a hankali, ina tura silikon ɗin gaba, ba na ɗagawa har in dawo inda na fara, domin duk inda ka ɗaga ka binne iska, kuma kumfar da aka binne rami ce nan da mako biyu. In shafe da kati, in bi da cokali sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin a sake gyarawa, kuma a shafa ta uku ake lalata abin da ta farko ta gyara. Wanda ya ɓata bango ba na taɓa shi yana ɗanye, in ya bushe da ɗan yatsa ake murje shi ya fita. Mazaunin boris kaɗai nake tabbatarwa ya fita tas tun a lokacin.

Saura jira, kuma a nan ne yanayinmu ke da ta cewa. Awa 24 da ake rubutawa a jikin bututu lissafi ne na iska mai matsakaicin danshi, wajen kashi 50 cikin ɗari. Da damina a wajenmu hakan yake ko ma ya fi sauri. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke tsagewa, tsumma ya bushe kafin ka gama shanya shi, silikon ba ya samun ruwan da zai sha. Samansa zai yi fata ya ruɗe ka, cikinsa ɗanye, don daga waje yake nuna zuwa ciki. Na taɓa ɗaura zare a kan irin wannan, jifa uku ya kwashe shi ya dama a cikin boris, na yi asarar duka biyun. Ga kuma ƙura, wadda in ta sauka a kansa yana ɗanye ta zauna ke nan, ta mayar da shi takardar goge katako mai cin zare. Saboda haka da hunturu nakan ɗora faifan biyu a faranti, fuskarsu sama, in ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe ba tare da ya taɓa su ba, in kifa kwano a kai in ɗan ɗaga bakinsa da tsinken ashana don tsamin ya samu hanyar fita. Kuma kwana biyu nake ba shi.

Sabon silikon yakan yi zafin kamu a rabin awar farko, sai ka yi hattara da yatsunka har zare ya ɗan goge masa kai. Bayan nan ya zauna. Na baya da na zuba ya kai ni daga ƙaramar salla har bayan babba, ina wasa kusan kullum.

Jiya da daddare na zuba wa wani tsohon yo-yo da ɗan ƙanwata ya tsinto a cikin kayan gwanjo, ba suna a jikinsa, ba wanda ya san kamfanin da ya yi shi balle girman facinsa. Tun asuba yaron yake zagaya kwanon kamar kyanwa da tukunyar kifi. Ɗazu ya leƙo ya ce, "Kawu, na taɓa da tsinke, wallahi ya bushe." Na ce masa saman ne ya bushe, ya mayar da kwanon yadda ya gan shi, ya sake jiƙa tsumman, sai jibi bayan la'asar.